Muhawara: Labaran kumbo da mutanen wata duniya, daga shekara nawa za a miƙa wa yaro?

Malamar Aji Huɗu, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ƙagaggun labaran kimiyya na yara, irin na kumbo da mutum-mutumi da tafiya wasu duniyoyi, sun fara yawa a hannun 'yan firamare. Wasu na Turanci ne, wasu an juya su Hausa, wasu kuma ta waya ake tura su. Iyaye sun rabu biyu: masu cewa a hana baki ɗaya tunda ƙarya ce, da masu cewa duk abin da zai zaunar da yaro ya yi karatu a bar masa. Makarantar da za ta sa irinsu a akwatin karatu na aji, da wane ma'auni za ta tace? Kuma daga shekara nawa?

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Rini:
Wa alaikumus salam. Malama, ƙarya ba ita ta matsala ba. Ɗiyan Hausawa da tatsuniya anka rene su, kuma ba a taɓa jin yaro ya tahi daji neman Gizo da Ƙoƙi ba. Dalili kuwa, tatsuniya tana da ƙohwa tana da makulli. In anka ce "ga ta nan ga ta nanku", yaro ya san an shiga wata duniya. In anka ce "ƙurunƙus", ya san an hito, har mai bayarwa ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Kuma da dare aka yin ta, ba cikin aji ba.

To labarin kimiyya ba shi da ƙohwag ga. Da kayan makaranta shi ka zuwa: ga lambobi, ga sunayen duniyoyi na gaskiya, ga masani mai hwarar riga. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ba shi iya rabe inda darasi yaƙ ƙare da inda ƙage yah hwara. Nan aikin shi ke, a yi ma labarin ƙohwa. Kuma kar a ɗauka baƙon abu na ga Hausa. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekarad da mutum yas sa ƙahwa bisa wata, kuma yaro na yat tahi samaniya cikin labarin.

Malamin Kimiyya na Sakandare, Arkilla:
Baba Hedimasta ya sosa inda ke ƙaiƙayi. Ma'aunin da ya fi sauƙin aiki shi ne a ƙidaya ƙagen da ke cikin littafin. Marubuci yana da damar ya ƙaga babban abu guda ɗaya, misali kumbon da ke kaiwa wani tauraro cikin dare ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa, domin tauraro mafi kusa da mu bayan rana, haske kansa sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso daga can. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau tafiya yake, amma duk nisan da ya ci, haske na cinye shi cikin kusan awa 24. To a bar wa marubuci wannan ƙage, shi ne dokin labarinsa. Sauran abubuwa kuwa dole su bi ƙa'ida.

Malama, in littafin yana da babin zuwa wata, buɗe shi kai tsaye, nan ake kama marubucin da bai yi bincike ba. A wata babu iska, saboda haka babu numfashi sai da rigar 'yan sama jannati, kuma sauti ba ya tafiya, yara biyu ba za su ji juna ba sai ta rediyo. Nauyi yana komawa kashi ɗaya cikin shida, yaro mai kilo 30 zai ji kansa kamar kilo 5, amma ba zai yi ta shawagi kamar balan-balan ba, in ya yi tsalle zai dawo ƙasa. Nisan wata kimanin kilomita 384,000 ne, mutanen Apollo, shirin Amurka na kai mutum wata, kwana 3 suka yi a hanya. In kika ga yara sun tuɓe hula a wata suna kiran juna da baki, ga iska na kaɗa musu riga, littafin ya koyar da kuskure uku a shafi ɗaya, kuma hoton da yaro ya gani cikin labari ya fi abin da aka rubuta masa a allo zama a kai.

Wani kuskuren da ke yawa a namu na Hausa shi ne kiran komai "tauraro". Zara da muke gani da magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniyar Venus ce, ba ta da hasken kanta, na rana take maidowa. Zafin bayanta ya haura digiri 450, dalma ma narkewa take. Marubucin da ya sauke yara a kan Zara suna tsinkar furanni ya yi ƙage na biyu ba tare da ya sani ba.

Malamin Islamiyya, Mabera:
Allah Ya saka da alheri. Ni ta ɓangaren aƙida zan duba, kuma ba na cikin masu cewa a hana duka. Kallon sama da tunani a kan yadda aka gina ta abu ne da Alƙur'ani ya yi ta kira a kai. Amma akwai wurare da mai tacewa zai tsaya ya karanta da jan biro.

Na'urar da ke nuna abin da zai faru gobe, ko ranar da wani zai mutu, wannan ta taɓa sanin gaibu. Masanin da ke ta da matacce da lantarki ko allura, wannan ma haka. Sai kalmar "halitta". A littattafan da aka juya za ka ga an rubuta "masanin ya halicci mutum-mutumi", alhali ƙerawa ya yi, kamar yadda maƙeri ke ƙera garma. Kalma ɗaya ce, amma yaron da ke koyon tauhidi da yamma zai riƙe ta. A ce ya ƙera, ya haɗa, ya harhaɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne cakuɗa na'ura da tsafi. In jarumi ya ci nasara da lissafi da gwaji da haƙuri, yaro ya koyi riƙo da sababi. In kuwa ya ci nasara da zobe da wasu kalmomi da ake maimaitawa sau bakwai, an koya masa siffar sihiri ko da an lulluɓe ta da wayoyi da fitilu. Haka nan kada a kira mutanen wata duniya "aljanu" don neman kalmar da yaro ya sani. Aljanu gaskiya ne a wurinmu, waɗancan kuwa marubuci ne ya zana su. In aka haɗa su suna ɗaya, ko dai yaro ya gaskata ƙagen, ko ya ƙaryata gaskiyar.

Batun shekaru, malamai na ɗaukar wajen shekara 7 a matsayin lokacin tamyizi, wato sa'ad da yaro ke fara rarrabe abubuwa, shi ne lokacin da ake umurtar yaro da salla. Ƙasa da haka a karanta masa da baki ana yi ana bayani, kada a bar shi da littafin shi kaɗai.

Mai Tace Rubutu, Gawon Nama:
Malam, na yarda da kai a kan kalmomi. Inda zan ɗan saɓa shi ne yadda wasu ke gyara matsalar. Sai marubuci ya tsayar da labari kowane shafi biyu ya yi wa'azi, ko ya buɗe baka biyu a cikin rubutu ya ce "yara ku sani wannan ba gaskiya ba ne". Yaro ajiye littafin yake a shafi na shida. Ƙofar da Baba ya ambata a bakin gida ake sa ta, ba a tsakiyar ɗaki ba. Layi biyu a farkon littafi masu cewa wannan labari ƙagagge ne, sai shafi biyu a ƙarshe mai taken "Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙage", abu 5 ko 6 a kowane gefe. Malami ya rufe shafin da hannu, ya fara tambayar yara su yi hasashe, sannan ya buɗe. Littafin da ba shi da wannan shafi, makaranta ta rubuta nata ta liƙa a cikin bangon baya. Aikin rabin awa ne ga malamin kimiyya da na addini in sun zauna tare.

Malamin Islamiyya, Mabera:
Hajiya, wannan ya yi daidai. Wa'azin da aka cusa inda bai dace ba shi kansa wa'azin ake wulaƙantawa. Sai dai kada shafin ƙarshe ya zama hujjar barin komai. Labarin da ginshiƙinsa ta da matattu ne, shafi biyu ba za su wanke shi ba, a ajiye shi kawai.

Ma'aikaciyar Jinya, Minanata:
Ku gafarce ni in kawo abin da ba a ambata ba, kuma a ganina shi ya kamata a fara dubawa tun kafin aƙida da kimiyya, domin shi ke kai yaro asibiti. Yaro yana kwaikwayon abin da zai iya samu a gida. Kumbon zinari ba shi da haɗari, don ba zai same shi ba. Tsohon firiji a bayan ɗaki da motar da aka ajiye a ƙofar gida su ne haɗari. Duk labarin da yara suka shiga akwati ko firiji ko mota suka rufe suka ce kumbo ne, a cire shi ko a yage shafin. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota na ƙara kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Da yawa sun iya shiga, ba su iya buɗewa daga ciki ba.

Sai "ɗakin gwaji" da jarumi ke zuba wannan ruwa cikin wancan. Abin da yaro zai samu a gida shi ne bilic da ruwan wanke masai, kuma in suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Ga ruwan batirin mota, ga fetur da ake ajiyewa saboda janareto, ga kabayit. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Ba a sa shi amai, asibiti ake nufa nan take. Labarin da mutum-mutumi ko yaro ke "haɗiyar batir don samun ƙarfi", ko ƙwayar da ake sha a yi ƙarfin mutum goma, bai dace da kowane aji na firamare ba.

Na ƙarshe, kallon rana. Baƙin tabarau da gilashin da aka shafa wa hayaƙi da tsohon fim ɗin hoton ƙashi duk ba sa kare ido. Ƙunar ba ta da zafi a lokacin, sai bayan awoyi yaro ya ce yana ganin baƙin ɗigo a tsakiyar komai.

Uban Yara Uku, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. To batun tsoro fa? Wasu yaran bayan irin waɗannan labarai ba sa yarda su fita fitsari da dare. Akwai yadda ake gane wanda zai firgita yaro tun kafin a saya?

Malamar Renon Yara, Gidan Igwai:
Akwai, Alhaji, amma ya danganta da shekaru. Ɗan ƙasa da shekara 7 siffa ce ke ba shi tsoro. Dodo mai ido uku da haƙora zai hana shi barci ko da a labarin mutumin kirki ne, kuma ce masa "ai ba gaskiya ba ne" ba ya yi masa amfani sosai. Don haka ga ƙanana hotuna za ka fara bi ɗaya bayan ɗaya kafin rubutu. Daga shekara 8 zuwa 12 abin na juyawa, dodo ya daina aiki, sai abin da zai iya faruwa da gaske: mutuwar uwa, gobara, ɓata a hanya, sata.

A nan ne littattafan waje ke da tarko a gare mu. Jigon da suka fi so shi ne baƙi daga sama su sauko cikin dare, su haska fitila, su ɗauke yaro daga gadonsa. Ga yaron da ke Ingila wannan almara ce. A ajinmu kuwa akwai yaran da iyayensu suka baro Isa da Sabon Birni da Rabah saboda mutanen da ke zuwa cikin dare da fitila suna ɗaukar mutane. Malama ba lallai ta san kowa da tarihinsa ba. Irin wannan littafi kada ya shiga akwatin aji sam. Wanda za a zaɓa shi ne wanda yaro ya tafi da son ransa, da sanin wani babba, akwai wanda zai koma wurinsa in abu ya ɓaci, kuma ya dawo gida a ƙarshe. In an karanta babi mai tada hankali, kada a tsaya a tsakiyarsa a ce sai gobe, a kai inda aka tsira tukuna. Kuma da hantsi ko bayan la'asar ake karanta shi, ba bayan isha'i ba.

Mai Tace Rubutu, Gawon Nama:
Malama mai tambaya, ga gwajin nauyin karatu, don littafi na iya tsabta ta kowace fuska amma ya fi ƙarfin yaro. Ƙidaya kalma 100 daga tsakiyar littafin, ba shafin farko ba, don marubuta kan sassauta a farko. Yaro ya karanta da ƙarfi, ke kina ɗiga alama duk inda ya yi tuntuɓe ko ya tsallake. Kuskure 5 ko ƙasa, zai iya shi kaɗai. Daga 6 zuwa 10, sai da babba a gefe. Ya haura 10, a ajiye masa sai baɗi. A gwada da yara uku, na gaba da na tsakiya da na baya a aji.

Labarin kimiyya yana faɗuwa wannan gwaji fiye da kowane iri saboda sababbin kalmomi. Ga 'yan aji 3 da 4, kada sabuwar kalma ta wuce 2 a shafi, kuma ta sake dawowa aƙalla sau uku a cikin labarin. Marubuci ya tsaya kan kalma ɗaya. In ya ce kumbo, ya zauna kan kumbo, kada shafi na gaba ya koma roka, na gabansa jirgin sama jannati, yaro zai ɗauka abu uku ne. Sunayen baƙin ma su zama masu faɗuwa a bakin Bahaushe, gaɓa biyu ko uku. Sannan a duba yadda yaron labarin ke magana da iyayensa, domin a fassara ana kwaso tsiwar da a can wasa ce, a nan kuwa rashin kunya.

Mai Ɗab'i, Bayan Kasuwa:
Ga masu niyyar buga nasu. Marubuta na son shafin samaniya baƙi ƙirin da farin rubutu a kai. A takarda mai giram 60 tawadar na huda bayan shafi, tana kuma bin yatsun yara. Mafi muni, ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ siririya ce, tawada na cike ta, sai "ƙasa" ta koma "kasa". A sa baƙin hoto a rabin shafi, rubutu baƙi kan fari a ƙasansa, takarda giram 80. Girman harafi 16 zuwa 18 ga aji 1 da 2, 14 ga aji 3 da 4. Harafin Andika kyauta ne a intanet, an yi shi don masu koyon karatu kuma yana da haruffanmu duka. A kawo aikin a PDF da harafin a ciki, in ba haka ba kwamfutar wurin ɗab'i za ta musanya shi, ƙugiyoyi su fito akwatuna. Shafuka su rabu da 4, kamar 24 ko 32, a ɗinke da waya a tsakiya. Gam ba ya jure zafinmu, kafin zango ya ƙare shafuka sun fara zubewa.

Malamin Kimiyya na Sakandare, Arkilla:
Tunda an zo kan rubuta namu, abin da ke ci mini rai shi ne marubutanmu na aron dusar ƙanƙara da biranen Amurka alhali kayan labari na ƙarƙashin ƙafarmu. Ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi a gindin ruwa ya taru, har ana ganin burbushin halittun ruwa a cikinsa. A duwatsun yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai dogon baki da haƙora, wadda masana suka ƙiyasta ta rayu sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma a 1972 aka raɗa mata Goronyosaurus, da sunan garin. A 1962 wani dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami ta ƙasar Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Yarinya mai kiwon awaki ta tsinci irin wannan dutse, ko yara su ga tekun da ya rufe Rima: ƙage ɗaya kawai marubuci ke buƙata, shafin gaskiya na ƙarshe kuwa ya cika da kansa. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley da ta bayyana a 1986 za ta dawo a 2061, 'yan aji huɗun Malama su ne za su gan ta da furfura in Allah Ya ba su rai.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Rini:
Madalla da wanga bayani. A ƙara da ganin wata, tunda nan garin aka jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kowane yaro ya san daren duba. Labarin da za shi gwada mishi dalilin da ya sa jinjirin wata ba ya daɗewa bayan hwaɗuwar rana ya riga ya samu mai karatu.

Malamar Aji Huɗu, Runjin Sambo:
Allah Ya biya ku duka. Tambaya ɗaya ta rage. In an cire gwaje-gwajen da Anti mai jinya ta hana, yara za su nemi wanda za su yi da hannunsu bayan karatu. Akwai wanda ba shi da haɗari kuma ba ya cin kuɗi?

Malamin Kimiyya na Sakandare, Arkilla:
Akwai, soɓorodo. Ki jiƙa cikin tafin hannu ɗaya na busasshe a kofi ɗaya na ruwan zafi minti 15, ke za ki yi wannan ba yara ba. Ki tace, ki bari ya huce, ki ƙara ruwa har sai ana hango yatsa ta bayan kofin. A raba a kofuna uku masu haske. Na farko a matse rabin lemun tsami, zai ƙara ja ya yi haske. Na biyu a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ruwan kanwa da aka jiƙa, zai juya ya yi duhu mai ratsin kore. Na uku a bar shi don kwatance. Inda ake samun matsala shi ne in ya yi kauri, canjin ba ya fitowa, ko a yi amfani da na gora da aka riga aka sa wa kala da kayan ƙamshi. Cokali ɗaya kada ya shiga kofi biyu. Ba a sha, kuma a wanke hannu kafin a taɓa ido saboda kanwar. In aka ɗiga lemun tsami a kofin kanwa a hankali, jan zai dawo, kuma yara kan nemi a maimaita wannan, don haka ki tanadi lemu 3 ko 4.